Ken Arthurson da yaƙin da ya raba zari-rugar Ostireliya gida biyu

A farkon Afrilun 1995 mutanen Sydney suka wayi gari da labarin cewa wakilan kamfanin News Limited na Rupert Murdoch sun kwana biyu suna bin 'yan wasan zari-ruga otal-otal da ceki a hannu, suna sa su rattaba hannu kan kwantiragin wata gasa da ba a ma kafa ba tukuna. Wanda aka yi wa wannan yankan baya shi ne Ken Arthurson, shugaban hukumar ARL mai kula da wasan a ƙasar, dattijo ɗan shekara 65 da ya shafe kusan duk rayuwarsa a cikin harkar. Rikicin da ya biyo baya ya ci shekara uku, ya ci maƙudan kuɗi, ya kashe ƙungiyoyi, ya raba aminai. Ba za a gane yadda aka kai ga wannan ba sai an bi sawun mutumin tun daga farko, domin kusan duk abin da ya sa wasan ya zama abin kwaɗayin attajirai, da hannunsa a ciki.

Zari-ruga iri biyu ce. Akwai ta 'yan goma sha biyar, wadda aka fi gani a gasar cin kofin duniya, akwai kuma ta 'yan goma sha uku da ake kira Rugby League, wadda ita ce tamu a nan. Kuɗi ne ya raba su tun asali. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila, waɗanda 'yan wasansu leburorin ma'adinai da masaƙu ne, suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, saboda an hana su biyan ɗan wasa ladan ranar aikin da ya rasa don ya buga wasa. A 1907 aka yi irin wannan ɓallewar a Sydney, aka fara gasa a 1908. Wasan ya kafu a unguwannin ma'aikata na jihohin New South Wales da Queensland, kowace ƙungiya da unguwarta. Ƙa'idarsa a yau mai sauƙi ce: ƙungiya tana da dama shida, in an kayar da mai riƙe da ƙwallo sau shida ba ta kai bayan layin abokan hamayya ba, sai ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Wasa ne na karo da ƙirji, kuma a zamanin da Arthurson ya buga, babu wani abin kirki da ke kare kan mutum.

An haife shi a unguwar Glebe ta Sydney a 1929. Ya fara buga wa Manly-Warringah a 1950, ƙungiyar da ba ta fi shekara uku da shiga babbar gasa ba, a matsayin mai lamba bakwai, wato ɗan wasan da ke raba ƙwallo yana tsara hari. A 1951 yana cikin waɗanda suka kai Manly wasan ƙarshe karo na farko, inda South Sydney ta lallasa su da 42 da 14. A 1953 ya tafi garin Parkes, can cikin karkara yamma da Sydney, ya zama kyaftin kuma mai horarwa. A can ya samu mummunan rauni a ƙoƙon kai, wasa ya ƙare masa yana ɗan shekara 23. Bai bar fagen ba. A 1957 aka ba shi horar da babbar ƙungiyar Manly, ya kai ta wasan ƙarshe a shekarar da kuma 1959, sau biyun St George ta doke shi. Ba abin kunya ba ne, domin St George ta ɗauki kofin sau goma sha ɗaya a jere daga 1956 zuwa 1966.

Aikin da ya yi masa suna shi ne na sakataren Manly, wanda ya riƙe daga 1963 zuwa 1983. Sakatare a lokacin shi ne wuƙa shi ne nama: shi ke nemo 'yan wasa, shi ke ciniki, shi ke wakiltar ƙungiya a taron hukuma. Kuɗin kuwa ba daga tikitin filinsu na Brookvale kaɗai suke fitowa ba. Tun 1956 gwamnatin New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen shaƙatawa na kulob-kulob, kowace ƙungiya ta gina nata gidan, ribar injinan kuma ita ke biyan 'yan wasa. Wannan wani tabo ne da wasan ke ɗauke da shi har yau, don aljihun da kuɗin ke fitowa daga ciki na talakan unguwar ne. Arthurson ya fi takwarorinsa sanin inda zai zuba abin da ya shigo. Ya ɗauko Bob Fulton daga Wollongong yana saurayi, ya fara buga wa Manly a 1966, daga baya aka sa shi cikin manyan gwarzayen wasan na kowane zamani. Ya ɗauko Ken Irvine daga maƙwabciyarsu North Sydney, ya tsallaka Ingila ya sayo Malcolm Reilly daga Castleford da Phil Lowe daga Hull Kingston Rovers, ya janye John O'Neill da Ray Branighan daga South Sydney. Kofi ya zo a 1972, ya sake zuwa a 1973 da 1976 da 1978.

Nasarar ta zo da ƙiyayya. A ƙarshen shekarun 1970 mai horar da Western Suburbs, Roy Masters, ya riƙa zuga yaransa da cewa su 'ya'yan talakawa ne masu gidajen fallen siminti, 'yan Manly kuwa 'yan gata ne na bakin teku. Wasanninsu suka zama kamar fagen dambe. Amsar Arthurson ita ce ya saye Les Boyd da John Dorahy da Ray Brown daga Western Suburbs ɗin, suka koma Manly a 1980. Daga nan sunan Manly ya zauna a matsayin ƙungiyar da kowa ke so a doke, shi kuma ya zama mutumin da in ya ƙyalla ido kan ɗan wasanka, to ka fara neman wani.

A 1983 wani shirin bincike na gidan talabijin ɗin gwamnati, ABC, ya tono zargin almundahana a kan Kevin Humphreys, shugaban wasan na lokacin. Humphreys ya sauka, aka kafa hukumar bincike, daga baya kotu ta same shi da laifin zambar kuɗin kulob ɗin Balmain. Wasan yana cikin wari, 'yan kallo suna raguwa, iyaye mata ba sa son 'ya'yansu su shiga saboda duka da gwiwar hannu da tsone ido. A wannan yanayi Arthurson ya karɓi shugabancin ARL, John Quayle, tsohon ɗan wasan ƙasa, ya zama babban manajan hukumar New South Wales. Su biyun suka yi shekara goma sha uku suna jan ragama tare.

Abin da suka yi a waɗannan shekarun, ko maƙiyinsu ba ya musu. Suka mara wa shugaban kwamitin ladabtarwa, Jim Comans, baya yana yanke hukunci mai tsanani. Les Boyd ɗin da Arthurson ya saya da kansa ya sha dakatarwar wata goma sha biyu a 1983 saboda karya muƙamuƙin Darryl Brohman, ya dawo ya sake shan ta wata goma sha biyar. Karawar jiha da jiha da aka fara a Brisbane a 1980, inda kowa ke buga wa jiharsa ta asali, ta zama abin da ya fi komai jan 'yan kallo. A 1988 aka buɗe sabon filin wasa a Sydney, aka shigo da Brisbane Broncos da Newcastle Knights da wata ƙungiya a Gold Coast. Daga 1989 suka ɗauko wata fitacciyar mawaƙiya 'yar Amurka tana tallata gasar, wasan leburori ya shiga falon masu hali. A 1990 aka sa iyaka kan jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, abin da zai daure wa mutum kai in ya tuna yadda Arthurson ya gina Manly. A 1995 aka ƙara ƙungiyoyi huɗu a lokaci guda: Auckland a New Zealand, North Queensland, South Queensland wadda ta zama ta biyu a Brisbane, da Western Reds a Perth. Gasar unguwannin Sydney ta zama ta ƙungiyoyi ashirin a ƙasashe biyu.

A nan ne matsalar take, kuma gida biyu ce. Ta farko, an yi ta ƙara sababbi ba a rage tsofaffi ba. Sama da rabin ƙungiyoyin har yanzu a Sydney suke, wasunsu suna buga wasa gaban 'yan dubbai kaɗan, suna rayuwa da ribar injin caca. An taɓa gwada ragewa a 1983: Newtown ta fita, amma Western Suburbs ta garzaya kotu ta tsira. Tun daga nan hukuma ta riƙa jan ƙafa. Su kuwa Broncos, kamfani ne mai zaman kansa da ke da birni guda a hannunsa, sun ɗauki kofi a 1992 da 1993, suna tara sama da mutum dubu arba'in a wasa. Shugabansu John Ribot, shi ma tsohon ɗan wasan ƙasa, yana ganin su ke kawo kuɗi amma 'yan Sydney ke yanke hukunci, kuma duk abin da ya taso sai a ce Manly ake fifitawa. Da aka dasa musu kishiya a cikin Brisbane, sai zuciya ta ƙara ɓaci.

Ta biyu ita ce talabijin. A farkon shekarun 1990 hukuma ta sayar wa Kerry Packer, mai tashar Nine, haƙƙin haska wasanni har zuwa 2000, kuma cinikin ya haɗa da talabijin na biyan kuɗi, wanda a lokacin bai ma fara aiki a Ostireliya ba. Da lokacinsa ya zo, sai aka samu kamfanoni biyu suna tsere: Optus Vision da Packer ke ciki, da Foxtel na Murdoch da kamfanin sadarwa na Telstra. Murdoch ya riga ya gani a Ingila cewa ƙwallon ƙafa ce ta sa mutane suka sayi tasharsa ta Sky. A Sydney da Brisbane abin da zai yi wannan aikin shi ne zari-ruga, ga shi kuma tana hannun abokin hamayyarsa. Tunda ba za a sayar masa da gasar ba, sai ya yanke shawarar kafa tasa, mai suna Super League, Ribot ya zama shugabanta.

Arthurson ya ji ƙishin-ƙishin. A Nuwamban 1994 da kuma Fabrairun 1995 ya sa duk ƙungiyoyi ashirin suka sa hannu kan takardun alkawarin zama da ARL na shekara biyar. A taron Fabrairun Packer da kansa ya zo ya gargaɗi shugabannin ƙungiyoyi cewa duk wanda ya taɓa haƙƙinsa za su haɗu a kotu. Aka watse ana ganin magana ta mutu. Amma News ta gano ƙofar da aka bari a buɗe: takardun sun ɗaure ƙungiyoyi, ba su ɗaure 'yan wasa da masu horarwa ba. In ka kwashe 'yan wasan, ƙungiya ko ta bi ka ko ta zama kwanko. Cikin 'yan kwanaki Brisbane, Canberra, Canterbury, Cronulla, Penrith, Auckland, North Queensland da Western Reds suka tsallaka. Uku daga cikin huɗun da aka shigo da su a shekarar nan suna ciki. Wanda ya fi yi wa Arthurson ciwo shi ne Peter Moore na Canterbury, amininsa na shekaru da dama, wanda suka daɗe suna juya siyasar wasan tare.

ARL ta mayar da martani da kuɗin Packer da Optus. Masu horarwa biyu, Bob Fulton da Phil Gould, suka zauna suna karɓar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, albashi ya ninka sau biyu, sau uku, har ɗan benci ya zama abin zawarci. Abin da ya ceci ARL a makon nan shi ne Newcastle: kyaftin ɗinsu Paul Harragon ya ɗebo abokan wasansa a ƙaramar bas, ya tuƙo su har Sydney suka sa hannu. Da Newcastle ta tafi, da wuya a ce ARL ta kai labari. 'Yan wasan Canterbury huɗu, Dean Pay da Jason Smith da Jim Dymock da Jarrod McCracken, suka je kotu aka warware musu kwantiragin Super League, suka koma Parramatta. Kafin su tafi sai da suka gama kakar 1995 da Canterbury, wadda ta doke Manly da 17 da 4 a wasan ƙarshe, 'yan ɗaki guda rabinsu na wannan ɓangare rabi na wancan.

Wutar ta tsallaka teku. Hukumar wasan ta Ingila ta karɓi fam miliyan 87 daga News, ta mayar da gasarta daga hunturu zuwa bazara daga 1996, New Zealand ma ta bi, ARL ta rasa abokan karawa. Har zari-rugar 'yan goma sha biyar, wadda ta yi shekara ɗari tana ƙyamar biyan 'yan wasa, ta halatta albashi a Agustan 1995, kuma tsoron kada a kwashe mata taurari yana cikin dalilan. Duk da haka ARL ta nuna tana da sauran ƙarfi: ba tare da ko ɗan Super League ɗaya ba, Ostireliya ta doke Ingila da 16 da 8 a Wembley ta ɗauki kofin duniya na 1995.

A kotu, Arthurson ya fara da nasara. Ranar 23 ga Fabrairun 1996 Mai shari'a James Burchett na kotun tarayya ya ba ARL gaskiya, aka haramta Super League har zuwa 2000. Yawancin ƙungiyoyin da suka ɓalle suka ƙaurace wa makon farko na gasa, sannan suka dawo ba da son ransu ba, Manly ta ɗauki kofin shekarar a ƙarƙashin Fulton. Ranar 4 ga Oktoba alƙalai uku na ɗaukaka ƙara suka rushe hukuncin. Dalilinsu shi ne takardun alkawarin nan da aka sa ƙungiyoyi suka sa wa hannu sun saɓa wa dokar kasuwanci, domin an yi su ne don a toshe wa mai gasa hanya. Garkuwar da Arthurson ya dogara da ita ce ta zama abin da aka kama shi da shi. A Nuwamba kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙara. Quayle ya ajiye aiki a ƙarshen 1996, Arthurson ya bi shi a farkon 1997, domin ya san muddin yana kan kujera sulhu ba zai yiwu ba.

A 1997 aka yi gasa biyu, ARL da ƙungiyoyi goma sha biyu, Super League da goma, ciki har da sababbi biyu da ta ƙirƙira, ɗaya a Adelaide, ɗaya kuma Hunter Mariners a Newcastle. 'Yan kallo suka ja baya, asara ta yi wa kowa yawa. Brisbane ta ɗauki kofin Super League. A ɓangaren ARL Newcastle ta doke Manly da 22 da 16, Darren Albert ya dangwala ƙwallo saura daƙiƙoƙi a tashi, wasan da mutane da yawa ke cewa shi ya tuna wa jama'a abin da ake faɗa a kansa. A Disamba aka sasanta, aka kafa gasa guda mai suna NRL, rabi na ARL rabi na News.

Mutane da dama sun ce ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya: wanda ya yi shekara ashirin yana kwashe 'yan wasan talakawan ƙungiyoyi da ƙarfin aljihu, ya gamu da wanda ya fi shi aljihu. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Arthurson yana sayen ɗan wasa ne don ya ci gasa, kuma Western Suburbs tana da damar ramawa a kaka mai zuwa. News kuwa gasar ce gaba ɗaya take so, don ta sayar da akwatin talabijin. A kan tambayar wane ne mai wasan, ni ina bayan Arthurson ba tare da wani kokwanto ba: ƙungiyar da kakanni suka kafa, jikoki suke sa rigarta, ba hajar da kamfani zai raba a teburin taro ba ce. Laifinsa a wani wurin yake. Ya san Sydney ta cika maƙil, ya bar maganar saboda masu ƙungiyoyin abokansa ne kuma su ke zaɓensa. Ya sayar da abin da bai san darajarsa ba tukuna, na tsawon shekaru, ga mutum ɗaya, ta yadda ranar da rikici ya tashi ba shi da hannun yin ciniki da kowa, kuma kare wasan ya zama daidai da kare jarin Packer. Ya kuma yarda cewa musafaha da tsohuwar abota za su riƙe mutane, alhali shi ya fi kowa sanin abin da ceki ke yi wa ɗan wasan da ke da shekara goma kacal na neman abinci da jikinsa. Ban ga laifin yaran da suka karɓa ba.

Ragewar da ya ƙi yi da lalama, an yi ta da gatari bayan tafiyarsa. Yarjejeniyar sulhu ta ce a koma ƙungiyoyi goma sha huɗu kafin 2000. Western Reds da South Queensland da Hunter Mariners suka mutu a 1997, Adelaide da Gold Coast suka bi su a 1998, yayin da Ribot ya samu sabuwar ƙungiya a Melbourne. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain ta haɗe da Western Suburbs. Abin takaicin shi ne duk ƙungiyoyin da aka tilasta wa haɗewa waɗanda suka tsaya da ARL ne. South Sydney, ita ma mai biyayya, wadda ta fi kowa yawan kofuna, ta ƙi haɗewa da kowa, aka kore ta a ƙarshen 1999. Shugabanta George Piggins ya ja magoya baya zuwa titi, a Nuwamban 2000 kimanin mutum dubu tamanin suka yi tattaki a tsakiyar Sydney, kotu ta ba su gaskiya a 2001, suka dawo a 2002, suka ɗauki kofi a 2014. News ba ta saki rabonta ba sai a Fabrairun 2012, lokacin da aka kafa hukuma mai zaman kanta a ƙarƙashin John Grant, wani tsohon ɗan wasan ƙasa.

Ita kanta Manly ba ta tsira ba. A 2000 aka haɗa ta da North Sydney, maƙwabciyar da suka fi kowa ƙin jinin juna, aka kira su Northern Eagles. Auren bai kai ko'ina ba, ya mutu a 2001, sunan ya ƙara kaka ɗaya, sannan Manly ta dawo da sunanta da launinta a 2003, ta ƙara kofuna a 2008 da 2011. North Sydney, wadda tana cikin ƙungiyoyin da suka fara gasar a 1908, ta rasa kujerarta a babbar gasa, magoya bayanta suka yi sama da shekara ashirin suna jira. Sai a 2025 NRL ta sanar cewa Bears, wato laƙabin North Sydney, za su dawo a 2027, amma mazauninsu zai kasance Perth, a ɗaya gefen nahiyar, birnin da Arthurson da Quayle suka shigar cikin babbar gasa a 1995 kafin yaƙin ya cinye ƙungiyar da suka dasa a can.